Yawun Ƙanena

A garinmu na bakin Kogin Lu'ulu'u
kowa ya san wani da abin ya ɗauke.
Yakan fara da kunne ɗaya ya toshe,
sai ɗigon jini a majinar asuba,
sai kullutu a gefen wuya, ba zafi,
kamar ƙwallon dabino ya ɓata hanya.

Haka ya fara wa babana, Kwong Bing-kuen,
matuƙin jirgin fito shekara talatin.
Ya ce sanyin ruwa ne, ya sha shayin ganye.
Ranar da muka kai shi Guangzhou
likita ya daɗe yana duban hoton,
ya ce sankara ce a bayan hanci,
ya ce da bara muka zo.

Inna ta ɗora laifin a kan kifin gishiri.
Ta kwance igiyar shanya daga taga,
ta juye tulu uku a kwata,
har yau ba a soya shi a gidanmu.

Ni kuwa na girma, na sa farar riga.
Aikina kwalabe ne ƙanana masu lamba,
kowacce da yawun wanda bai san ni ba.
Ƙwayar cutar nan, kusan kowa na ɗauke da ita,
tun ana rarrafe take shiga ta kwanta,
baƙuwar da ta daɗe har ta san ma'ajiyar cokali.
Sai dai zuri'arta ba hali ɗaya ba.
Muna warware rubutun halittarta
harafi bayan harafi, dubbai a jere,
muna neman inda biyu ko uku suka sauya.
Ɗan wannan bambancin, bai kai ƙwayar gero ba,
shi ke nuna wanda ya kamata a riƙa leƙawa.

Kin-fai, ƙanena, ya ƙi tofawa.
Yana gyaran babura a ƙarƙashin gada,
hannu duk baƙin mai, taba a bayan kunne.
Ya ce, abin da ban sani ba bai hana ni barci.
Na ce, Baba ma ya yi barci.
Wata biyu ba mu gaisa ba.

Ran sharar kaburbura, muna cire ciyawa,
ya miƙo hannu bai dube ni ba.
Ya juya wa kabarin baya, ya tofa,
ya ce, rufe da kyau, kar ta zube a jakarki.

Ba ni na gwada ba, doka ta hana.
Na dai san ranar, na san injin,
na ji ƙugin sa ta bayan bango
ina wanke hannun da na riga na wanke.

Irin mai haɗarin ce.
Na ce masa ba hukunci ba ne,
da yawa na ɗauke da ita har furfura lafiya lau.
Hadari ne a gabas, a shigar da shanya.
Aka ɗebi jini, aka zura siririn madubi ta hancinsa,
ya yi ƙwalla, ya zagi kakan likita.
Wurin fes, ja-ja kamar cikin kankana.
Aka rubuta masa: baɗi war haka.

Daren nan muna cin shinkafa,
Inna ta hura cokali, ta ɗanɗana,
ta kai bakin 'yar Kin-fai mai wata tara.
Na san ta inda baƙuwar ke bi.
Haka aka ciyar da ni, haka aka ciyar da Baba.
Na buɗe baki zan yi magana,
yarinyar ta kama cokalin da hannu biyu.

Na tashi na duba kalanda,
na zagaye ranar baɗi da jan biro.