Jiniyar Ƙarfe Shida

Shekara talatin da ɗaya na yi ina sauke kaya
a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso:
buhunan gishiri, akwatunan tuffa, ƙarafan jan gaci.
Da jiniya ta yi kuka ƙarfe shida,
ko buhu na wuyanka, sai ka dire.
Aiki ya tsaya a bakin get kamar kare mai horo,
ba ya bin kowa gida.

Yanzu gwiwa ta ƙi tudu.
Ina zaune a hawan ƙasa na wani shuɗin gida,
a samana kuwa Maite Quilodrán,
ita da kwamfutarta da kyanwa mai ido ɗaya.
Teburin cin abinci ne ofishinta.
Shugabanta na can wata ƙasa,
daga ƙirji zuwa sama kaɗai ta san shi.

Da fari har sha'awa ta ba ni.
Takunta a kan katako kamar ana kiɗa.
Ta sauko aron gishiri, ta ce,
"Don Evaristo, ina son aikin nan!
Ba wanda ya sa ni, ni na sa kaina."
Idonta na ƙyalli kamar kifin da aka tsamo yanzu.
Na yi shiru, ban ce mata
kifi ya fi ƙyalli a kan teburin mai sayarwa ba.

Suka ce ita ce gwarzuwar wata.
Suka aiko mata tauraro a allo,
tauraron da ba ya sayen burodi,
ba ya kawo barci.
Ta ƙara awa ɗaya don godiya.
Suka tafa, ta ƙara biyu.
Akwai wani ɗigo kore a gefen sunanta,
shi ne shaidar tana nan.
Ta zama mai jinyarsa,
ko wanka za ta shiga sai ta leƙa ko yana numfashi.
Asabar ta narke cikin Litinin.
Ƙanwarta ta hau tudu da kek na ranar haihuwa,
ta sauka da rabinsa, da rabin magana.

Yuni ya zo da sanyi da ruwa.
Wata Talata takun ya ɗauke.

Matakala goma sha bakwai, na ƙirga su da gwiwa.
Ƙofa a buɗe, allo a kunne,
kofi uku sun huce a jere,
hannuwanta a cinya kamar na aro.
Ta ce, "Ban tsane shi ba fa.
Da na tsane shi, da na huta tuni.
Leƙa cikina kawai na yi,
na tarar ba kowa."

Ni ban yi boko mai nisa ba,
amma na san wannan.
A tasharmu rago bai taɓa karya ƙugu ba.
Anselmo ne ya karye,
mai ɗaukar buhu biyu don a kira sunansa.
Icen da ya fi son wuta
shi ke riga zama toka.

Ban faɗa mata haka ba.
Na wanke kofunan, na ba kyanwar ruwa.

Washegari na tono tsohon sifanana.
Bututun ruwanmu ɗaya ne, ni da ita,
ya ratso kicin ɗina ya haura nata.
Shida na bugawa, na buga:
ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Wata rana nakan ji an rufe murfi,
kujera ta ja baya, takalmi ya nufi teku.
Wata rana shiru,
sai hasken allo a jikin bangon maƙwabta
har jirage su kashe fitila.

Jiya ba ta sauko ba.
Amma da na buga uku,
daga sama aka mayar mini da ɗaya.
Da cokali, ina jin.