Mabuɗin Ɗaki na Ashirin da Bakwai

Ni ce Nelida Barreiro, 'yar mai ɗinkin raga.
Shekara arba'in da ɗaya na yi ina wankin zannuwan gado
a Otal Tamaris, bakin teku, ƙasar Uruguwai.
In ka ga yatsuna sun karkace kamar saiwa,
kada ka tambayi likita,
tambayi ruwan sanyi da sabulu.

Otal huɗu ne da mu, lokacin da gari yake gari.
Kolon na masu kuɗin shanu,
Ribiyera inda caca ke kai mutum asuba,
wani ƙarami na wata Bajamushiya da ba ta dariya,
sai namu, mai hawa uku, ƙirjinsa a buɗe ga iska,
gishiri na lasar fentinsa tun ba a haife ni ba.

A nan Janairu ne watan zafi.
Jirgin ƙasa ya baro babban birni da hantsi,
ya juye mana baƙi da la'asar:
mata da akwatunan huluna, yara da bokitan wasa,
maza masu fararen ƙwauri
kamar ba su taɓa gaisawa da rana ba.
Anselmo ɗan dako yakan ce,
"Jaka mai nauyi za ta biya,
mara nauyi ta taga za ta fita."
Bai cika kuskure ba.

Ni kuwa zannuwa ne littafina.
Yashi a gado, yaro ya kwana.
Jan-baki a matashi, ba ruwana.
Matashin da ya jiƙe ta gefe guda,
wannan na san hawaye ne.
Daban nake wanke shi
kada ya shafa wa saura.

Don Fermin Olasabal, ɗaki na ashirin da bakwai.
Shekara talatin yana zuwa shi kaɗai,
kullum ya ce a kawo kofi biyu.
Ya sha ɗaya, ɗaya ya huce a bakin taga.
Ba wanda ya tambaya.
Otal na kirki rijiya ne,
abin da ya faɗa ciki ya faɗa.
Zuwansa na ƙarshe ya danƙa mini mabuɗin,
ya ce, "Riƙe, baɗi zan karɓa."
Baɗi ta zo ita kaɗai.

Gari ba ya mutuwa rana ɗaya.
Aka tsai da jirgi, ciyawa ta haye dogo.
Baƙi suka sayi motoci, suka wuce mu,
suka nufi gabas wurin benayen gilashi.
Kolon ya ci wuta wani dare mai sanyi cikin Yuli,
Ribiyera ya koma rumbun siminti.
Bajamushiya ta rasu, aka iske a bayan ƙofarta
sunayen duk wanda ta yafe wa kuɗin ɗaki,
layi saba'in, da fensir.
Ashe dariyarta a can take.

Namu ya daɗe yana tari kafin ya kwanta.
Ranar Talata aka yi gwanjon kayansa:
piyano mai giɓi,
madubin da ya ga amare sun fi ɗari,
ƙararrawar da Anselmo ke ji ko a mafarki.
Wani yaron kamfanin rusau ya ce,
"Kaka, ja da baya."
Ni zai ce wa ja da baya!
Ni da na san wace matakala ke ƙara,
wace taga ce sai an lallashe ta.

Na ja.

Yanzu ɗaki na ashirin da bakwai iska ce zalla,
can sama, daidai inda tsuntsayen teku ke juyawa.
Mabuɗinsa na aljihuna, ya ɗumama da jikina.
Da yamma nakan zauna kan katangar bakin ruwa,
in zuba kofi biyu.
Jikata Amparo ta ce, "Na wa ne ɗayan?"
Na ce, na mai ɗaki ne,
bai sallami otal ba tukuna.