Ƙarfe Uku

Ƙarfe uku na dare, daga ni sai wani ƙarfen,
a wani makeken zaure bayan garin Didcot.
Wata bakwai na yi ina jiran layi
kafin a ba ni kwana biyu,
ga ɗaya har ya naɗe tabarmarsa.

Guntun layin dogo ne, bai fi kamu ɗaya ba,
an yanko shi daidai gaɓar walda.
A ido lafiyarsa lau.
Haka ma mutumin da ya haɗiye magana.

Gethin ya zagaya ɗakin, ya leƙa bayan kowane inji,
ya yi kira ko da sauran mutum, shiru.
Ya ja ƙofa mai kaurin ganuwa,
ya zare makulli, fitila ta koma ja.
Ya ce shayinsa ya huce, ya tafi.

To, ga baƙin nan sun iso.
Niyutiron ba ya sallama, ba ya neman iso,
ba shi da dangi a lantarki, balle a riƙe shi da gaisuwa.
Haske kan tsaya bakin ƙofa yana yaba fenti,
shi kuwa sai ƙuryar ɗaki.
Ya wuce dubu bai goga kafaɗa da kowa ba,
sai can ya yi karo da cibiyar wata ƙwayar zarra,
ya kauce,
ya faɗa hannun na'urar da ke ƙirga
wa ya zo, ta wace kusurwa, a wane lokaci.

Ban taɓa ganin ko ɗayansu ba.
Sawu nake bi.
Daga yadda suka watse nake gane
zaman da ƙwayoyin ke yi a sahu:
nan sun matsu kamar fasinjan bayan a-kori-kura,
can an ja su har sun fara kewar juna,
a tazarar da ko ka tsaga gashi sau dubu ɗari
ba ka kai gare ta ba.
Wutar walda ta mutu tun bara.
Ƙarfen bai manta ba.

Babana Jatau, a maƙerarsa ta Rano,
yakan ɗaga ruwan garma kusa da kunne,
ya ƙwanƙwasa da bayan awartaki, ya lumshe ido.
"Wannan akwai magana a cikinta," in ji shi,
sai ya mayar da ita wuta,
mai garma na ta mita, shi ko a jikinsa.
Ni fura aka aiko ni kawowa,
nakan tsaya har ta tsinke a ƙwarya.

Huɗu saura kwata, ƙirga ta tsaya cak.
Wata murya daga rufi ta ba da haƙuri:
wani abu ya tsinke can wajen injin,
ana dubawa.
Ba wanda zan yi wa faɗa.

A kan tebur akwai ragowar guntun da aka yanke.
Na waiga, ba kowa.
Na ɗauki cokalin shayin Gethin,
na kai ƙarfen kusa da kunne, na ƙwanƙwasa.
Ƙyal.
Na sake. Ƙyal.
Na gaji goshinsa da gajen haƙurinsa,
kunnen ne bai biyo ni ba.
Shi ya sa nake aron na ƙasar wasu,
kunne mai girman unguwa,
da ke cin wutar da za ta haska Rano da kewaye.

Biyar da 'yan mintoci baƙin suka dawo.
Ɗigo bisa ɗigo, tsauni ya tashi a allo,
sai dai bai tsaya inda lissafi ya ajiye masa wuri ba.
Ya ɗan gusa gefe,
kaɗan, kamar mai ba baƙo wuri a benci.

Baba, akwai magana a cikinsa.
Na rubuta lambar, na ja layi biyu a ƙasa.

Gari na wayewa da yayyafi.
Can a tasha jirgin farko na shirin tashi zuwa Landan,
cike da mutane masu gyangyaɗi,
kowa ya jingina kai da taga,
gaɓa bayan gaɓa tana wucewa ƙarƙashinsu,
kowace da abin da ta haɗiye.