Buji na Uku

Da asuba a bayan Birni,
inda duwatsu ke riƙe da sauran sanyin dare,
na murɗa makulli sau ɗaya, sau biyu.
Tsohuwar Fijo ta yi tari, ta yi shiru,
kamar wadda aka tasa ba ta gama mafarki ba.
Sai a na huɗu ta kama,
madubi na rawa, sitiyari na karkarwa a tafina.

Kwana tara ke nan tana min haka.
Lita huɗun da ke kai ni Mirya su maido ni
yanzu tun kafin shiga gari suke ƙarewa.
In na taka ta a hawa sai ta yi jim,
kamar wanda aka tuna wa bashi,
sannan ta zabura, fasinja su yi salati.

Na kai ta gindin bedi, bayan kasuwar Dole,
wurin Mutari.
Shekara uku ke nan da injuna suka cinye masa kunne,
da hannu yake ji yanzu.
Ya ɗora tafinsa a kan inji, ya rufe ido,
kai ka ce zazzaɓin jikansa yake aunawa.
Ya ce, "Uku ke noma,
ɗaya na cin tuwon gandu a banza."

Ya kwance su, ya jera a kan kwalin shayi.
Na farko launin ƙasar gona bayan girbi.
"Wannan lafiyarsa lau."
Na biyu ma haka, sai ɗan toka a baki.
Na huɗu ya fara fari, ya sha zafi, amma da sauransa.
Na uku ya ɗaga wa rana:
baƙi wuluk kamar gindin tukunya,
farin tangaransa ya tsage siririyar tsaga,
bakin ƙarfen ya side, ya yi mulmul,
giɓinsa ya buɗe har farcen babban yatsa ya shige.
"Wuta ba ta tsallake wannan rami," in ji shi,
"ko ta tsallake yau, gobe za ta faɗa."

Na ce, goge min shi da burushi, Mutari,
ka matse bakin kamar bara.
Jaka biyu ba wasa ba ce a wannan wata.
Bai ji ni ba, amma ya karanta leɓena.
Ya yi dariya da haƙoransa biyar.
"Bara datti ne, na wanke.
Bana tsufa ne, da me zan wanke shi?
Kuɗin da kake ɓoyewa a aljihu
ta bututun hayaƙi yake fita, kana kallo.
Ƙetaren iyaka fulogi suke ce masa,
mu nan buji,
amma ko'ina, in ya gaji, ya gaji.
Kuma ka saya huɗu.
Ba a ɗaure maraƙi da tsofaffin shanu a garma ɗaya."

Na ƙirga kuɗin, raina na ƙuna.
Ya ɓare kwalin sabo, ya kai bakin ramin,
sai na ga yatsunsa na rawa,
bujin na ƙwanƙwasa ƙarfe, kas, kas.
Ya tsaya. Ya dubi hannun kamar na wani.
Sannan ya kira Kyari, yaron da ke wanke sassa a bokiti,
ya miƙa masa.
"Da yatsa tukuna, a hankali.
Zare ba ya yafe wa hannu mai rawa."

Murɗa ɗaya ta tashi.
Madubi ya tsaya cik, na ga fuskata a ciki.
Mutari ya sake ɗora tafinsa, ya daɗe,
fiye da yadda aikin ke buƙata.

Tsohon bujin bai jefa a tulin ƙarafa ba.
Ya goge shi da gefen riga,
ya sa a aljihun ƙirji.