Ƙwallayen Baba Cindo

A ƙasan akwatin da Inna ta bari
na tarar da gwangwanin madara, duk tsatsa.
Na girgiza shi, ya amsa da wata ƙara
da na sani tun ban iya ɗaure zariya ba.
Ƙwallayen gilas goma sha bakwai,
shekara talatin suna jiran buɗewa.

A Yelwa, bayan rumfar masu banda,
nan Baba Cindo ya kafa murhunsa.
Ya daɗe a ƙasar Nufe yana yi wa wani zuga,
ya dawo da tabon wuta a damtse
da sana'ar da ba mai ita a unguwa.

Mu ne 'yan tsinto masa kwalabe:
koriya ta lemo, ja ta maganin tari,
shuɗiya ta turare, wadda sai an sha yawo.
Kwalba biyar, ƙwallo ɗaya, ba ciniki.
Ya dake su a turmin dutse, ya juye a kasko,
zugazugi na huci kamar san noma,
har gilas ya yi laushi ya koma maɗi.
Ya ɗebo da tsinken ƙarfe, ya murza,
ɗan yatsansa na shida yana lilo a gefe,
mu kuwa ko ƙifta ido ba ma iyawa.

Kowane da sunan da muka raɗa masa.
Ga Idon Zabo. Ga Ruwan Kwara,
mai duhun kogi in damina ta yi nisa.
Ga Gurgu, da bai gama zagaye ba,
ka harba shi gabas ya karkata arewa.
Da shi na cinye Hantsi a gindin tsamiya,
ya bi ni har zaure yana kuka,
Inna ta ce in mayar, na ce ba mayarwa.

Daga baya na waje suka shigo kasuwa,
ɗari a raga ɗaya, sumul, kamarsu ɗaya,
kuɗin ƙosai ya saya maka cikin tafi.
Ni ma na saya. Ba zan ɓoye ba.
Gawayi ya yi tsada, lemo ya koma roba,
ka wuni a bola ba kwalbar ɗauka.
Ran nan muka wuce, ba hayaƙi a rumfa,
ɓera ya huda fatar zugazugi,
Baba na zaune yana gyaran komar wani,
bai ɗago ba balle gaisawa.

Yau ana cajin waya a wurin.
Ɗansa Labbo yana kabu-kabu,
ya ce ko kaskon bai san inda ya shiga ba.

Shekaranjiya wani ya zo daga Legas
da madubin ƙara girma a aljihu.
Ya jera su a kan farin ƙyalle, yana kaɗa kai,
ya ce kumfar nan ta ciki ita ce shaidar hannu,
inji ba ya irin wannan kuskure.
Gurgu, da muke yi wa dariya,
ya taya shi kuɗin rago.
Na yi shiru, ina tuna kwalba biyar
da tsohon da ya rasu da bashin gawayi
ba wanda ya zo tayawa.

Na sayar da shida. Rufin ɗaki na yoyo.

Da dare na ɗaga Gurgu saitin fitila.
Kumfar na nan, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero.
Iskar rumfar ce a kulle a ciki,
da ƙaurin kifi da tarin Baba,
ba ta san an rushe wurin ba.

Da safe na miƙa wa Kulu, autata.
Ta durƙusa a siminti, ta harba shi wajen ƙofa,
ya yi ɗingishi, ya kauce, ya shige ƙarƙashin randa.
Ta ce, Baba, wannan ai ya lalace.
Na ce, sake harbawa.