Sha Tara

Kafin ladanin Ashaiman ya gyara murya
na riga na sa takalmin roba.
Trotro biyu, sai ƙafa,
har inda Ankara ke ƙarewa ba sallama:
gidan ƙarshe, ba rufi, rodi a tsaye kamar ƙayar bushiya,
sai shingen waya, sai ciyawa.

Shekara talatin na yi ina dillanci a Tulaku.
In na dubi saniya, nama nake aunawa.
In dafa tozo, in matsa cinya,
in yanka mata kuɗi kafin ta kaɗa wutsiya sau biyu.
Yau Madam Adjeley ta ba ni takarda da biro,
ta ce, Baba Inusa, waɗannan ba na wuƙa ba ne,
ma'aikata ne.
Aikinsu su yi kiwo, kada darbejiya ta mamaye filin,
kada tsuntsuwar da ke ƙwai a ƙasa
ta rasa inda za ta kwanta.
Ranar na yi dariya har da tari.
Saniya da aikin gwamnati.

Daga gindin kuka nake fara ƙirga.
Ba a gaggawa. Sai ka tsaya har su manta da kai.
Hanci da laima, to madalla.
Wadda ta kwanta, tana tuƙa ko tunani take?
In ɗaga wutsiya in nemi kaska,
in bi sawu a taɓo ko wani kofato yana tsoron ƙasa,
in tona kashin jiya da tsinke
kamar mai duba a yashi.
Komin ruwa ya yi gansakuka, na kwashe da tafi.
Balbela na bina da ido, ita ma a bakin aiki take.

Sha takwas.
Na sake. Sha takwas.

Lariba ce babu, guzumar mai karyayyen ƙaho,
wadda ba ta taɓa yarda na tsaya ta hagunta ba.
Na bi bayan suri, na ratsa ƙaiƙayi har ƙugu,
na yi kiran da na koya a bakin wani Bafillace
da na taɓa cuta a ciniki, Allah ya yafe mini.
Shiru, sai ƙugin manyan motocin Tema.

Can kusurwa na same ta,
inda iskar teku ke tara abin da birni ya zubar.
Ledar ruwa, rabi a waje, rabi ta wuce.
Na san ƙarshen wannan.
Na ga tumbin da aka farke a mahauta,
leda ta dunƙule a ciki kamar matashin kai,
dabba ta mutu da yunwa, cikinta a cike.

Na kama hanci, na zura hannu har wuyansa.
Harshe kamar dutsen kaushi, numfashi mai ɗumi, warin ɗanyar ciyawa.
Na jawo a hankali, ina ba ta haƙuri
da bakin da ya sayar da dubun irinta.
Ta fito da yauƙi.
Lariba ta harare ni kamar na ƙwace mata gado,
ta juya, ta yi fitsari, ta koma cikin 'yan'uwa.

Takardar Madam gida biyu gare ta:
lafiya, ba lafiya.
Na rubuta sha tara, lafiya.
Babu gidan da zan sa sabon turken siminti
mai jan fenti, taku goma cikin shinge,
wanda ran Juma'a babu shi.
Na zana shi a baya, yadda na iya.

A trotro wata mai tallan burodi ta ja jikinta,
ta toshe hanci da bakin mayafi.
Ban ga laifinta ba.
Na ɗora hannun a gwiwa, na bar shi yadda yake
har alwalar azahar.