Sakata

Ni ce Barira ta Garin Malam,
mai ɗinkin hula a zauren gidan haya.
Inna ta sha ƙafafuna tun ina goye,
sai tafin hannu ya karɓi aikin tafiya.
Da shi nake taka ƙasa,
da shi nake cin tuwo,
shi nake ɗagawa in roƙi Allah.
To, ku biyo ni ƙofar makewayi.

Mu goma sha tara ne a gidan, rami ɗaya.
Daɓen kullum a jiƙe, ba da ruwan sama ba.
Masu ƙafa su shiga da takalmi,
su fito suna karkaɗewa.
Ni in zura silifa a hannu,
in tamke zane a ƙugu,
in ja jiki a kan abin da kowa ya tsallake.

Na koyi zama da ƙishirwa da gangan.
A Damagaram, inda ake kwana a layin famfo,
har yabona ake: Barira ba ta ɓarnar ruwa.
Ba su san lissafina ba.
Duk moɗar da na sha da hantsi
bashi ce, da la'asar za a biya.
Biki in ƙi zuwa, suna in aika da barka,
a ce girman kai ne.
Na bar su a haka.

Da ciwon mara ya kwantar da ni
Habsu, ɗiyar ƙanena, ta zo da fo.
Takan kau da kai,
ta yi ta zuba labarin makaranta da ƙarfi
don kada kunnuwanmu su ji abin da ke zuba.
Ta wanke ni da ruwan ɗumi da sabulu,
ta shafa man kaɗanya inda zama ya ci fata,
ko sau ɗaya ba ta toshe hanci ba.
Allah ya yi mata albarka.
Amma hannu, ko ya fi auduga laushi,
in ba naka ba ne, na wani ne.

Hula goma sha ɗaya na ɗinka ban taɓa kuɗinsu ba.
Na aika kasuwar Dole a kira Mutari mai walda.
Ya zo da igiyar awo yana duban bango daga tsaye.
Na ce: Malam, sauko.
Durƙusa nan, ka ga wurin daga inda nake ganinsa.
Ya durƙusa. Gwiwar wandonsa ta jiƙe.
Ya daɗe bai ce uffan ba.

Kujerar ƙarfe mai huda a tsaka,
abin dafawa a jikin bango,
daɓe mai gangara don ruwa ya san hanyarsa,
ƙusar rataya buta daidai kafaɗata,
ƙyaure a gurbin tsohon buhun da iska ke ɗagawa.
Mai gida ya yi ta gunaguni kan kuɗin siminti.
Yanzu tsohuwarsa mai ciwon gwiwa
ta fi ni sammakon zuwa.

Da ya zo kafa sakata
ya ɗaga hannu sama yadda ya saba,
sai ya dube ni, ya yi dariya,
ya sauko da ita taƙi uku daga ƙasa.

Ranar Alhamis na sha moɗa biyu cike da hantsi,
ban yi lissafi ba.
Bayan azahar na shiga, na tura ƙyaure, na ja ta.
Ƙaras!
Shekara talatin da huɗu
ban ji sautin da ya kai wannan daɗi ba.
Ba mai riƙe min labule,
ba mai jirana da kai a kauce.

Can sai wani ya ƙwanƙwasa.
Na gyara zama, na gyara murya,
na faɗi abin da na daɗe ina jin wasu na faɗa:

Da mutum.